Yadda ake bitar kemistiri kafin WAEC da NECO da JAMB

Duk shekara, da zafin bazara ya fara kankama, sai ka ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare sun rungumo littafin kemistiri mai kaurin bulo, sun buɗe shafin farko da niyyar karance shi kaf kafin jarrabawa. Bayan sati biyu suna nan a babi na uku, an ja wa kusan kowace jimla layi da jan biro, amma in ka ce a faɗa maka mol (ma'aunin yawan sinadari) nawa ne a giram 10.6 na Na₂CO₃ sai aji ya yi tsit. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma abin da na tabbatar shi ne kemistiri da hannu yake shiga kai. Biro da takarda da kalkuleta su ne kayan bitarsa, kuma akwai batutuwan da dole su riga wasu, kamar yadda ba a ɗora kwano kafin a yi harsashi. Tsarin da ke ƙasa na mai wata uku ne a hannu. Wanda ya rage masa wata ɗaya ya matse shi, amma kada ya sauya jerin.

Mataki na 1: San abin da za a tambaye ka

Kemistirin WAEC takarda uku ne. Ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi cikin awa ɗaya. Ta biyu ta rubutu ce, awa biyu. Ta uku ita ce ta ɗakin gwaji: tambaya ɗaya kan taitireshan, wato ɗiga asid a alkali don gano ƙarfin ɗayansu, ɗaya kan gano sinadaran da ke cikin gishirin da aka ba ka, ɗaya kuma kan sanin aikin gwaji gaba ɗaya. NECO ma haka take tafiya, da zaɓi da rubutu da gwaji. JAMB kuwa a kwamfuta ake yi, tambaya 40 ce ta kemistiri cikin 180 da za ka amsa a awa biyu, don haka ita sauri take nema. Ka nemi manhajar kowace jarrabawa ka kwafe kanun batutuwan a takarda ɗaya, ka manna a bangon da kake karatu.

Mataki na 2: Auna kanka tun ranar farko

Ɗauko takardar zaɓi ta wata shekara da ta wuce, ka rufe littafi, ka saita agogo, ka amsa. In ka gama ka yi wa kanka maki tsakani da Allah. Sannan ka koma takardar bangon nan ka raba batutuwan gida uku: wanda ka iya, wanda kake ɗingishi a kai, da wanda ko kanunsa ba ka ganewa. Ɗalibai suna son maimaita gida na farko saboda daɗin samun daidai. Lokacinka na gida na biyu ne, a nan maki ya fi saurin ƙaruwa.

Mataki na 3: Harsashi, sati biyu

Haddace sinadarai 20 na farko a jere, daga H zuwa Ca, tare da lambar atam ɗin kowanne. Wanda ya san sodiyam 11 ne zai rubuta 2,8,1 ya gane yana rukuni na ɗaya, layi na uku, kuma elektiron ɗaya yake bayarwa. Wanda ya san kulorin 17 ne zai rubuta 2,8,7 ya gane ɗaya yake nema. Daga nan NaCl ta fito da kanta. Jadawalin sinadarai, wanda Mendeleev ɗan ƙasar Rasha ya fitar da tsarinsa a 1869, duk amfaninsa ke nan: in ka san wurin zaman sinadari ka san halinsa. Ka zana jadawalin da hannunka kullum da safe har sai ya daina ɗaukar ka minti biyar, kana faɗa wa kanka cewa girman atam yana raguwa in an doshi dama, yana ƙaruwa in an gangara ƙasa.

Sai cajin ayon masu haɗaka, wato tarin atam masu ɗauke da caji, waɗanda babu makawa sai an haddace: NH₄⁺, OH⁻, NO₃⁻, HCO₃⁻, SO₄²⁻, CO₃²⁻, PO₄³⁻. Kullum rubuta fomula goma ta hanyar musayar caji, misali Al³⁺ da SO₄²⁻ su ba ka Al₂(SO₄)₃, sannan ka daidaita ikweshan biyar. Wajen daidaitawa lambar da ke gaba ake taɓawa, ba a taɓa ƙaramar da ke ƙasa. In ka mayar da H₂O ta koma H₂O₂ don oksijin ya daidaita, ka bar ruwan sha ka koma wani sinadari daban.

Mataki na 4: Mol, sati uku cif

A nan nake so ka daɗe, domin duk wani lissafi na kemistiri ta ƙofar mol yake bi. Mol ma'auni ne kamar mudu a kasuwar hatsi. Mudun gero da mudun gyaɗa mudu ɗaya ne, amma nauyinsu ya bambanta. Bambancin kawai shi ne mol ƙidaya ce: duk mol ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi 6.02 × 10²³, ko na ruwa ne ko na ƙarfe. Nauyin mol ɗaya kuwa shi ne jimillar nauyin atam ɗin da ke cikin fomula, a giram.

Ƙofofin shiga mol uku ne. In giram aka ba ka, raba da nauyin mol. In gas ne a ma'aunin s.t.p., wato daidaitaccen zafi da matsi, raba boliyum ɗinsa da 22.4 dm³. In narkakken abu ne a ruwa, ninka ƙarfinsa na mol/dm³ da boliyum a dm³, kuma ka tuna cm³ 1000 ne dm³ ɗaya. Mu koma tambayar da aji ya yi tsit a kanta. Na₂CO₃, da nauyin atam: sodiyam 23 sau biyu 46, kabon 12, oksijin 16 sau uku 48, jimilla 106. Raba 10.6 da 106, mol 0.1. Shi ke nan.

Yanzu tambaya mai ikweshan. A masana'antar siminti irin ta Ashaka a Gombe ko ta Kalambaina a Sakkwato, babban aikin da wuta ke yi wa farar ƙasa shi ne CaCO₃ → CaO + CO₂. A ce an ƙona giram 50 na CaCO₃, ana son boliyum ɗin CO₂ a s.t.p. Bi wannan hanya, kuma ka riƙe ta don duk tambayar da ta yi kama da ita:

1. Rubuta ikweshan ka tabbata ya daidaita.
2. Mayar da abin da aka ba ka mol. Nauyin mol na CaCO₃ 100 ne: 50 ÷ 100 = 0.5.
3. Duba rabon da ke ikweshan. A nan 1 ne da 1, saboda haka CO₂ ma mol 0.5 ne.
4. Fita daga mol zuwa abin da aka tambaya: 0.5 × 22.4 = 11.2 dm³.

Da nauyin CaO aka tambaya, sai ka ninka 0.5 da 56 ka sami giram 28. Ikweshan da mol yake magana, ba ya jin yaren giram, shi ya sa wanda ya tsallake na biyu a wannan jeri yake ɓata.

Lissafin kaso cikin ɗari kuwa a buhun taki na fi son koyar da shi. Ɗan manomi ya san an rubuta 46 a jikin buhun yuriya. Fomularta CO(NH₂)₂, nauyin mol 60, naitirojin biyu 28. Raba 28 da 60 ka ninka da 100, ka sami 46.7. Gwada (NH₄)₂SO₄ da kanka: nauyin mol 132, naitirojin 28, amsa 21.2. Ranar da na yi wannan a allo, wani yaro da ke zama can baya, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe shi ya sa Baba yake cewa yuriya ta fi zafi." Tun daga ranar ya dawo layin gaba.

Ka haɗa da juyin wannan lissafi, wato gano fomula daga kaso. Abu mai kabon 40, haidurojin 6.7, oksijin 53.3: raba kowanne da nauyin atam ɗinsa, sannan ka raba duka da mafi ƙanƙanta, za ka sami CH₂O. In an ce nauyin mol 180 ne, raba da 30, nauyin CH₂O, ka sami 6, wato C₆H₁₂O₆, gulukos. Kullum tambaya goma ta mol, kuma bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi da hayaniya.

Mataki na 5: 'Ya'yan mol

Dokokin gas duk sun taru a P₁V₁/T₁ = P₂V₂/T₂, inda P matsi ne, V boliyum, T zafi. Tarkon ɗaya ne kuma kowace shekara yana kama mutane: zafi dole a mayar da shi Kelbin ta ƙara 273. Gas mai 200 cm³ a 27°C, aka ɗumama shi zuwa 127°C matsi bai sauya ba: 300 K zuwa 400 K, amsa 266.7 cm³. Wanda ya yi aiki da 27 da 127 kai tsaye zai sami kusan 941, kuma sau da yawa irin wannan amsa tana zaune cikin zaɓin tana jiransa.

Raba sinadari da wutar lantarki ma mol ne, na elektiron. Q = It, wato caji a kulom daidai yake da amfiya sau lokaci a daƙiƙa, kuma mol ɗaya na elektiron kulom 96,500 ne. Amfiya 2 na tsawon minti 16 da daƙiƙa 5, wato daƙiƙa 965, ya ba da kulom 1,930, wato mol 0.02 na elektiron. Cu²⁺ elektiron biyu yake buƙata, saboda haka tagullar da za ta taru mol 0.01 ce, giram 0.64. Riƙe cewa a katod ake karɓar elektiron, a anod ake bayarwa.

Wannan ya kai mu ga oksideshan da ridokshan: wanda ya rasa elektiron lambarsa ta oksideshan ta hau, wanda ya samu lambarsa ta sauka. Koyi fitar da lambar: Mn a KMnO₄ +7 ne, Cr a K₂Cr₂O₇ +6. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga wannan babi da idonsa. Marini yana tsamo zane daga karofi yana kore-kore, ya ɗaga shi a iska, kan ka ce me ya juye shuɗi. Oksijin ɗin iska ne ya yi wa baba aiki. Tsatsar da ke cin kwanon rufi ma haka ne, ƙarfe da oksijin da danshi.

Mataki na 6: Asid, alkali, gishiri da daidaito

Kafin ka buɗe littafi shiga kicin. Zuba zobo marar sukari a kofi biyu, ka matsa lemon tsami a ɗaya, ka ɗiga ruwan kanwa a ɗaya. Na farko zai ƙara ja, na biyu zai yi duhu ya karkata zuwa kore. Ka ga aikin sinadarin nuni ke nan, kuma ka ga dalilin da iyayenmu mata suke kashe tsamin yakuwa da kanwa. Sai ka haddace na jarrabawa: litmos ja a asid, shuɗi a alkali, metil-orenj ja a asid, rawaya a alkali, finoftalin ba launi a asid, ruwan hoda a alkali. Lissafin pH kada ya tsorata ka. HCl mai 0.01 mol/dm³ pH ɗinsa 2. H₂SO₄ mai 0.005 shi ma 2 ne, domin H⁺ biyu yake saki.

Dokokin narkewa gajeru ne: duk gishirin sodiyam da fotasiyam da amoniyam yana narkewa, haka duk mai NO₃⁻. Masu Cl⁻ suna narkewa ban da na azurfa da na dalma. Masu SO₄²⁻ suna narkewa ban da na bariyam da na dalma, na kalsiyam kuma kaɗan-kaɗan.

Ƙa'idar Le Chatelier, mai faɗin inda daidaito yake karkata in an sauya matsi ko zafi, ka koye ta a kan misali ɗaya ka gane shi sarai: N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃, hanyar Haber, wadda daga amoniyarta ake yin yuriyar ɗazu. Hagu mol huɗu na gas, dama biyu, don haka ƙarin matsi yana ƙara amoniya. Haɗuwar zafi take fitarwa, don haka ƙarin zafi yana rage ta. Ana aiki a wajen 450°C da ƙarfe a matsayin mai hanzartawa, kuma mai hanzartawa ba ya ƙara yawan abin da za a samu, saurin isa kawai yake ƙarawa. Ana yawan tambayar wannan gaɓa.

Mataki na 7: Sinadaran kabon, sati biyu

Wannan sashe da yawa suke barinsa sai daren jarrabawa, alhali shi ya fi kowanne tsari. Dangi-dangi ne. Yi wa kowane dangi shafi ɗaya: fomularsa ta gaba ɗaya, alamar da ake gane shi da ita, 'yan gida biyar na farko da zanensu, yadda ake samar da shi, da gwajinsa. CₙH₂ₙ₊₂ masu ɗauri ɗaya, irin gas ɗin girki. CₙH₂ₙ masu ɗauri biyu, CₙH₂ₙ₋₂ masu uku, irin C₂H₂ da mai walda yake samu in ya jiƙa CaC₂ da ruwa. Masu ɗauri biyu da uku suna kashe launin ruwan buromin. Sai masu OH, da masu COOH, da esta mai ƙamshi da ake samu in an dafa waɗannan biyun da H₂SO₄ mai ƙarfi. Sabulun salo da ake dafawa da mai da ruwan toka shi ne darasin yin sabulu sak.

Duk zanen da ka yi, ƙirga hannuwan kowane kabon, dole su zama huɗu. Wajen raɗa suna nemi sarƙa mafi tsawo, ka fara ƙirga daga gefen da zai ba reshe ƙaramar lamba. Gwajin abinci uku kada su wuce ka: aidin a kan sitaci shuɗi mai duhu kamar baƙi, Fehling da gulukos jan bulo bayan ɗumamawa, Biuret da furotin shunayya.

Mataki na 8: Takardar gwaji

Ina da wata ɗaliba mai ƙoƙari da ta fito daga jarrabawar share fage ta ɗakin gwaji a makaranta tana murna, domin lambobinta sun yi daidai da nawa. Da na zo yin maki sai na tarar ta rubuta 23.5 maimakon 23.50, ba ta sa cm³ a kan teburin ba, ta kuma goge wata lamba ta rubuta wata a kanta. Aikin hannunta babu aibu, amma maki ya zube a rubutu. Da ta ga takardar hawaye ta yi, ni ma abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake nanata waɗannan ƙananan abubuwa.

Ɗauraye biyurat da asid ɗin da za ka zuba, fifet da alkalin da za ka ɗiba, fulas ɗin kuwa da tataccen ruwa kawai. Cire mazurari kafin ka fara. Tabbata babu kumfar iska a bakin biyurat. Ɗigo biyu ko uku na sinadarin nuni sun isa. Sa farar takarda a ƙarƙashin fulas, idonka daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan, kana juya fulas da hannu ɗaya, in launi ya kusa sauyawa ka koma ɗigo-ɗigo. Rubuta kowane karatu da lamba biyu bayan ɗigo, da biro, kai tsaye cikin tebur. Matsakaici kuma daga karatun da tazararsu ba ta wuce 0.20 cm³ ba ake fitar da shi.

Lissafin shi ne CₐVₐ/CᵦVᵦ = nₐ/nᵦ, inda C ƙarfi ne, V boliyum, n rabon mol, na sama na asid, na ƙasa na alkali. A 2HCl + Na₂CO₃ → 2NaCl + H₂O + CO₂ rabon 2 ne da 1. In alkali 25.00 cm³ ne mai 0.050 mol/dm³, asid ya ci 23.50 cm³, to Cₐ = (0.050 × 25.00 × 2) ÷ 23.50 = 0.106 mol/dm³. In a g/dm³ ake so, ninka da 36.5.

Gano sinadarai kuwa launi ne da haƙuri. Ana zuba NaOH ɗigo-ɗigo, sannan da yawa, kuma kowanne da abin da za ka rubuta. Abin da ya ɗaure ya ƙi narkewa shi ake taƙaitawa da ppt. Cu²⁺ shuɗi mai haske, da amoniya mai yawa ya narke ya zama shuɗi mai duhu. Fe²⁺ kore mai dauɗa. Fe³⁺ ja mai ruwan ƙasa. Farare huɗu ne masu rikitarwa: Ca²⁺ ba ya narkewa a NaOH mai yawa, Zn²⁺ da Al³⁺ da Pb²⁺ suna narkewa, a amoniya mai yawa Zn²⁺ kaɗai ke narkewa, Pb²⁺ kuma KI ke tona shi da rawaya. SO₄²⁻ yana ba da fari da BaCl₂ wanda HCl ba ya narkarwa. Cl⁻ yana ba da fari da AgNO₃ wanda amoniya ke narkarwa. CO₃²⁻ yana tafasa da asid, gas ɗin ya mayar da ruwan Ca(OH)₂ kamar madara. Abin da idonka ya gani shi za ka rubuta a gurbin lura, hukunci a nasa gurbin, kuma da Turancin da mai maki ya saba gani, don haka ka yi ta kwafar jimlolin daga tsofaffin amsoshi har hannu ya saba.

Makarantu da yawa ba su da isassun kayan gwaji. In taku haka take, ku haɗu ku biyar ko shida ku roƙi malaminku ya nema muku izini a wata makaranta ta kusa ko da Asabar biyu ne. Kada ranar jarrabawa ta zama ranar da ka fara riƙe fifet.

Mataki na 9: Tsofaffin tambayoyi da littafin kura-kurai

Tun daga mataki na uku, duk batun da ka gama ka bi shi da tambayoyinsa na shekarun baya. A sati uku na ƙarshe kuma ka koma amsa cikakkiyar takarda da agogo, aƙalla biyu a mako. Ware ɗan littafi mai shafi 40 na kura-kurai: tambayar, amsar da ka bayar, amsar daidai, da dalilin faɗuwa, ko mantuwa ce, ko gaggawa, ko rashin fahimta. Littattafan tsofaffin tambayoyi na kasuwa wani lokaci amsarsu kuskure ce, in lissafinka ya saɓa da nasu har sau biyu kai wa malami ya raba gardama. WAEC tana wallafa rahoton manyan masu maki a shafinta na intanet, inda suke faɗin wuraren da ɗalibai suka yi tuntuɓe a kowace tambaya. Karanta na shekara uku ko huɗu. Mai JAMB ya nemi cibiyar kwamfuta ya gwada hannu, ya saba da barin tambaya mai dogon lissafi sai ya gama masu sauƙi.

Mataki na 10: Satin ƙarshe

Kada ka buɗe sabon babi. Littafin kura-kurai, jadawalin launuka, da shafukan dangin kabon sun ishe ka. Ka yi barci da wuri. Daren jarrabawa haɗa biro biyu, fensir, rula, kalkuleta irin wadda aka yarda da ita, da katin shaida. A takardar rubutu karanta duk tambayoyin kafin ka zaɓa, ka fara da wadda ka fi iyawa. A kowane lissafi rubuta fomula, ka sa lambobi a ciki, ka nuna matakai layi-layi, domin ana ba da maki a kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kauce. Ka ware minti goma na ƙarshe ka bi amsoshinka ɗaya bayan ɗaya kana duba abu biyu: ko kowane ikweshan ya daidaita, da ko kowace lamba tana tare da ma'auninta, g ko dm³ ko mol/dm³.